Baƙuwar Kainuwa da Ƙaguwar Ƙetare: Baƙin Halittun da Ke Barazana ga Sana'ar Su a Kogin Neja

Baƙin halittun ruwa su ne tsirrai da dabbobin da aka ɗauko daga ƙasarsu ta asali, da gangan ko bisa kuskure, aka kai su kogi ko tafkin da bai san su ba, suka kafu a can suka hayayyafa har suka fi ƙarfin 'yan gida. Yawancin abin da aka ɗauko haka yakan mutu domin ruwan bai karɓe shi ba, wani kuma ya zauna ba tare da ya cuci kowa ba. Wanda ke zama annoba shi ne wanda ya tarar da abinci a wadace, ya kuma baro a gida ƙwari da cututtukan da suka saba rage yawansa. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma irin wannan baƙo idan ya sauka ba ya tashi.

A Turai da Amurka, ɗaya daga cikin baƙin da masuntan koguna ke kuka da su wata ƙaguwa ce 'yar asalin ƙasar Sin. A Kogin Neja kuwa, daga inda ya shigo Nijeriya ta jihar Kebbi har zuwa Tafkin Kainji, baƙon da ya riga ya kafu tsiro ne mai yawo a kan ruwa, wanda a wannan bayani za a kira shi baƙuwar kainuwa. Abu uku ne suka haɗa labarin biyun: kogi ba ya tsayawa a bakin iyakar ƙasa, masunci ne ke fara ganin baƙon, shi ne kuma ke fara yin asara, sannan abin da ya riga ya kafu ba ya kawaruwa, sai dai a yi ta rage shi da kuɗi da wahala shekara da shekaru.

Kogin da mutanen da ke ci daga gare shi

Kogin Neja, wanda Hausawa suka daɗe suna kira Kwara, yana tasowa ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya yi tafiyar kimanin kilomita 4,180 kafin ya faɗa teku a kudancin Nijeriya. Kafin ya shigo Nijeriya, shi ne ya raba Nijar da Jamhuriyar Benin, inda garin Gaya ke gaɓar arewa, Malanville kuma ke gaɓar kudu. A wannan tsakanin ne kogunan Mekuru da Alibori da Sota suke zuba ruwansu a cikinsa ta ɓangaren Benin. Da ya tsallako iyaka sai ya ratsa ƙaramar hukumar Bagudo, ya karɓi ruwan Gulbin Kabi da ya gangaro daga Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi, ya wuce Yawuri, ya shiga Tafkin Kainji.

Ƙaramar hukumar Bagudo, mai garuruwa irin su Illo da Lolo da Ka'oje da Zagga da Tsamiya da Matsinkai, ƙasa ce da rayuwarta ta dogara ga wannan kogi da fadamunsa. Akwai Sarkawa, waɗanda su ne sana'ar da suka gada kaka da kakanni. Akwai manoman shinkafa da ke shuka a fadama su kuma taɓa su idan ruwa ya ja. Akwai Fulani makiyaya da ke gangarowa da rani domin ciyawar burgu, wadda ke tsiro a bakin ruwa tana riƙe da ɗanyenta lokacin da daji ya bushe. Akwai kuma masu jiragen ruwa da ke jigilar mutane da kaya tsakanin kasuwannin ƙasashen uku.

Kayan aikin masunta a nan su ne kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a bari kifi ya maƙale a cikinta, da birgi da ake jefawa, da mamari mai jerin ƙugiyoyi, da gura da ake girkewa a bakin ciyawa. Kifin da ake kamawa ya haɗa da karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa da ƙurungu da ragon ruwa da yauni da bargi. Mafi yawansa akan banda shi ne, a ɗaure a kwali a kai kasuwar Yawuri, daga can fatake su wuce da shi manyan birane na arewa da kudu.

Kogin yana cika sau biyu a shekara a wannan yanki. Cikar farko, wadda masana ke kira farin ruwa saboda laka da take ɗauke da ita, tana zuwa ne daga watan Agusta sakamakon damunar yankin. Ta biyu, baƙin ruwa, ruwan saman Gini ne da ya daɗe a hanya, ya baje a fadamun tsakiyar Mali ya ajiye lakarsa, sannan ya iso daga watan Disamba. Waɗannan cika biyu su ke ba kifi damar shiga fadama ya yi ƙwai. Su ne kuma ke ɗauko duk abin da ke yawo a kan ruwa daga ƙasashen sama su sauke shi a Bagudo.

Mene ne baƙuwar kainuwa

Kainuwar da Hausawa suka sani, wadda ake yi wa kirari da dashen Allah, ƙaramin tsiro ne mai ganye a kwance kamar an buɗe tafin hannu. Baƙuwar ta bambanta da ita. Ganyenta kore ne shar mai sheƙi, karan ganyen yana da kumburi kamar ƙaramar gora cike da iska, wanda shi ke sa ta yawo, saiwoyinta baƙaƙe ne masu yawa kamar gashi, furenta kuma mai launin shuɗi-shuɗi ne da ɗigon rawaya a tsakiya. Inda ta yi cunkoso tsayinta kan kai mita guda. A littattafan kimiyya sunanta Eichhornia crassipes, ko Pontederia crassipes a sabon tsarin suna.

Asalinta yankin Kogin Amazon ne a Kudancin Amurka. Kyan furenta ne ya fitar da ita daga gida, domin masu lambu sun riƙa ɗaukarta suna ƙawata tafkunan gidajensu. An nuna ta a baje kolin birnin New Orleans na Amurka a 1884, kuma kafin ƙarshen wannan ƙarni ta riga ta isa Masar. A shekarun 1950 ta mamaye Kogin Kwango, ta kuma shiga Kogin Nilu a Sudan. A 1989 aka ga ta a Tafkin Biktoriya, inda cikin shekara goma ta rufe dubban hektoci ta toshe tashoshin jiragen ruwa a Kenya da Yuganda.

Ƙarfinta yana cikin saurin haihuwa. Uwa ɗaya kan miƙa jijiya a kan ruwa ta fitar da 'ya'ya, su ma su fitar da nasu, ta yadda inda akwai zafi da ruwa mai taki yawanta kan ninka cikin kimanin mako biyu. Tana kuma zubar da iri a cikin laka, kuma irin kan iya yin shekara 20 a kwance kafin ya tsiro. Shi ya sa ko an kwashe ta kakaf a bana, baɗi tana iya fitowa daga ƙasa. Takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki da ƙazantar birane da ke kwarara cikin kogi abinci ne a gare ta. Abin da ba ta jurewa shi ne ruwan gishiri.

A rahoton da kwamitin masana halittu da muhalli na duniya, IPBES, ya fitar a watan Satumba na 2023, an ƙidaya baƙin halittu fiye da 37,000 da suka kafu a wajen ƙasashensu, sama da 3,500 daga cikinsu masu ɓarna ne, kuma asarar da suke jawowa ta haura dala biliyan 423 a shekara. A jerin tsirran da suka fi yaɗuwa a duniya, baƙuwar kainuwa ce ta farko.

Yadda ta shigo Nijeriya

Ta ƙofa biyu ta shigo, kuma dukkansu ruwa ne da ya haɗa Nijeriya da maƙwabtanta. Ƙofa ta farko a kudu take. Tun ƙarshen shekarun 1970 ta bayyana a kogunan kudancin Benin, sannan a 1984 ta biyo ruwa daga wajen Porto-Novo ta shigo Badagry, ta bazu a tafkunan Legas. Har yau masu jiragen ruwa a Ikorodu da kewaye suna fama da ita duk ƙarshen damina.

Ƙofa ta biyu ita ce ta arewa. A ƙarshen shekarun 1980 ta bayyana a Kogin Neja a Jamhuriyar Nijar, kuma ruwa ya riƙa gangarowa da tarinta ta Gaya da Malanville zuwa cikin jihar Kebbi ta yau. A daidai wannan lokaci ma'aikatan bincike suka fara ganin ta a Tafkin Kainji. Wannan tafki, wanda ya samu bayan kammala madatsar Kainji a 1968, yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,270. Ruwansa a kwance yake, yana da lunguna da yawa, abin da ya dace da tsiron sosai. A can ta sarƙe da ciyawar burgu, ta zama tsibirai masu yawo da iska ke kaɗawa daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Yankin Bagudo, saboda haka, shi ne zauren da baƙuwar ke fara sauka a Nijeriya ta wannan hanya. Ko da mutanen yankin sun share gaɓarsu tas, cikar ruwa ta gaba za ta kawo musu sabuwa daga ƙasashen da ba su da iko a kansu.

Abin da take yi wa masunci

Ɓarnar farko a kan kayan aiki take. Tarin kainuwa da ruwa ke ja yakan naɗe kalli ya yage shi, ko ya tafi da shi gaba ɗaya. Yakan tsinke mamari, ya binne gura. Birgi kuma ba ya nutsewa a kan ganye. Raga da ƙugiya da zare kaya ne da akasari ake shigowa da su daga waje, kuma masunta da yawa bashi suke karɓa daga dillalan kifi su saya, a kan za su biya da abin da suka kama. Ragar da ta tafi a dare ɗaya na iya zama bashin da za a yi watanni ana biya.

Ta biyu a kan hanya take. Idan iska ta taro ta a mashaya ko a madatsar jirage, kwalekwale ba ya iya fita, wanda ke waje kuma ba ya iya shigowa. Masu inji sukan sha tsayawa suna cire saiwoyi daga farfela, mai yana ƙonewa, kifin da aka kama yana lalacewa a rana kafin a kai shi wurin banda.

Ta uku a cikin ruwan take, inda ido ba ya gani. Shimfiɗar ganye mai kauri tana tare hasken rana, sai ƙananan tsirran da kifi ke ci su ragu. Matattun ganye da saiwoyi suna nutsewa su ruɓe, ruɓewar kuma tana cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Karfasa da giwan ruwa, masu bukatar ruwa mai iska, sukan ƙaurace wa irin wannan wuri. Tarwaɗa da gaiwa, waɗanda ke iya shaƙar iska a sarari, su ke jurewa. An ga haka a Tafkin Biktoriya, inda waɗannan biyun suka ƙaru a shekarun da tsiron ya yi ƙamari. Gaskiya ne cewa ɗan siririn layin kainuwa a bakin gaɓa yakan zama maɓoyar ƙananan kifi, amma wannan amfani yana ƙarewa da zarar ta rufe fuskar ruwan.

Akwai kuma batun lafiya. Saiwoyinta matattara ce ta dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, ruwan da ya tsaya a tsakaninta kuma wurin haihuwar sauro ne. Macizai ma kan fake a ciki. Mata masu wanki da ɗibar ruwa da yara masu wanka su ne suka fi shiga wannan haɗari.

Mazaunin birni ma abin ya shafe shi. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta sha bayyanawa sun nuna cewa Nijeriya na bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da take samarwa ya yi ƙasa da wannan sosai, ragowar kuma sai an shigo da wani ɓangare nasa da kuɗin waje. Duk raguwar da aka samu a Bagudo ko Yawuri tana bayyana a farashin bandar kifi a kasuwannin Sakkwato da Kano da Abuja. Haka nan tarin ciyawa da ke taruwa a bakin mashigar ruwan injunan Kainji matsala ce ga tashar da ke cikin manyan masu ba ƙasar wutar lantarki.

Matakan da aka gwada

Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa, wadda ta samo asali daga aikin binciken Tafkin Kainji na 1968, ita ce ta jagoranci yaƙi da tsiron a wannan yanki, tare da shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a tafkin, wanda aka fara a 1993. An bi hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce kwashewa da hannu. Ƙauyukan masunta kan yi gayya su jawo ta gaɓa, su bar ta ta bushe su ƙone. Wannan yana buɗe mashaya da madatsar jirage, amma aiki ne mai nauyi, domin kusan kashi 95 cikin 100 na jikin tsiron ruwa ne, kuma sai an maimaita shi kowace shekara.

Ta biyu ita ce shinge. A ƙarshen shekarun 1990 aka gitta wani shinge mai yawo a kan kogin a Zamare, kusa da Yawuri, domin ya tare tarin da ke gangarowa kafin ya shiga tafkin. Abin lura shi ne Zamare tana ƙasa da Bagudo ne a bin ruwa. Shingen an yi shi ne don tafki da madatsa. Garuruwan da ke tsakaninsa da iyaka suna wajen kariyarsa.

Ta uku ita ce a kawo wa baƙo abokin gabarsa na gida. Akwai wasu ƙwari biyu masu dogon baki, dangin ƙwaron da ke huda hatsi a rumbu, 'yan asalin Kudancin Amurka, da ake kira Neochetina. Manyansu suna cin ganyen, tsutsarsu kuma tana huda karan har ruwa ya shiga tsiron ya nutse. An daɗe ana gwada su kafin a tabbatar ba sa cin amfanin gona. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA ta fara sakin su a kudancin Benin a 1991, kuma wani nazari da masananta suka wallafa a 2003 ya ƙiyasta cewa raguwar tsiron ta dawo wa mutanen yankin da kuɗin shiga kimanin dala miliyan 30 a shekara. A Tafkin Biktoriya ma sun taimaka wajen karya ƙarfinsa a ƙarshen shekarun 1990. An sake su a yankin Kainji ma. Aikinsu yana ɗaukar shekaru kafin a gani, kuma sun fi tasiri a ruwan da ke kwance fiye da kogin da ke kwashe tsiron da ƙwarin tare duk cikar ruwa.

Feshin magani yana kashe ta da sauri, amma a kogin da mutane da dabbobi ke sha daga gare shi ana ɗari-ɗari da shi, ga kuma ruɓewar tsiro mai yawa a lokaci ɗaya da ke iya kashe kifi. Wasu kuma sun mayar da ita abin amfani: ana yin taki da ita, ana saƙa kwanduna da tabarmi da busasshen karanta, musamman a Legas da kudancin Benin. Wannan sana'a ce mai kyau, sai dai abin da masaƙa ke ɗiba bai kai abin da tsiron ke haifa ba.

Ƙaguwar Sin a kogunan Turai

Abin da tsiro ya yi a Kogin Neja, dabba ce ta yi shi a Turai. Ƙaguwar Sin, Eriocheir sinensis, ana gane ta ne da gashin da ya lulluɓe hannayenta kamar ta sa safar hannu, kuma faɗin bayanta kan kai kimanin santimita 8. A ƙasar Sin abinci ce mai tsada, musamman wadda ake kamowa daga Tafkin Yangcheng kusa da birnin Suzhou. Ta fita duniya ne a cikin ruwan da manyan jirage ke ɗiba a tashar da suka taso domin daidaita nauyi, su zubar a tashar da suka sauka.

An fara kama ta a Jamus a 1912, a Kogin Aller. Zuwa shekarun 1930 ana kwasar miliyoyinta a kogunan Elbe da Weser. An gan ta a Kogin Thames na Ingila a 1935, sannan a gaɓar San Francisco ta Amurka a 1992. Koken masunta a waɗannan wurare iri ɗaya ne: tana cinye abincin da aka sa wa ƙugiya kafin kifi ya zo, tana yaga raga, tana cin kifin da ya maƙale da ƙwan da kifi ya zuba, tana kuma haƙa ramuka a gaɓa har ƙasa ta zaftare. Mace ɗaya kan ɗauki ƙwai daga 250,000 zuwa miliyan ɗaya. A 2016 Tarayyar Turai ta sa ta a jerin halittun da aka hana shigowa da su ko sayar da su ko sakin su. A Beljiyam an gina mata tarko na dindindin a Kogin Kleine Nete a 2018, Ingila ma ta kafa irinsa a yankin Lincolnshire a 2023. Fiye da shekara 100 bayan zuwanta, rage ta kawai ake yi.

Wannan ƙaguwa tana girma ne a ruwan daɗi, amma dole ta gangara bakin teku, inda ruwan daɗi ya gauraya da na gishiri, kafin ta haihu, sannan 'ya'yanta su hauro. Ta kuma saba da ƙasashe masu sanyi. Bagudo tana nesa da teku da fiye da kilomita 1,000 a bin kogi, kuma madatsun Jebba da Kainji suna tsaye a tsakani. Waɗannan dalilai sun sa hanyarta zuwa yankin ke da wuya. Ƙaguwar da yara ke kamawa a ramukan bakin fadama 'yar gida ce, tana haihuwa a ruwan daɗi, uwar na riƙe da 'ya'yanta a ƙarƙashin cikinta har su yi ƙwari, kuma tana cikin tsarin kogin tun fil azal.

Baƙin da suka fi kusa

'Yan'uwan ƙaguwa da suka fi dacewa da ruwa mai ɗumi irin na Kebbi wasu halittu ne masu kama da jatanlande amma manya, masu hannaye irin na ƙaguwa, waɗanda ke haihuwa a ruwan daɗi ba tare da bukatar teku ba. Tuni suka kafu a wasu sassan Afirka, kuma kusan ko'ina mutane ne suka kai su da niyyar kiwo.

Mai jan hannu ɗan asalin Ostareliya, Cherax quadricarinatus, ya kuɓuce daga wuraren kiwo ya shiga Kogin Kafue na Zambiya da Tafkin Kariba. Masuntan can suna ɗago raga su tarar an cinye ciki da idanun kifin da ya kwana a cikinta, kifin da ba mai saye. Wani kuma ja, ɗan asalin jihar Louisiana ta Amurka, Procambarus clarkii, an zuba shi a Tafkin Naivasha na Kenya a 1970, ya kuma shiga Kogin Nilu a Masar a shekarun 1980, inda yake huda gaɓar magudanan ban ruwa. A Madagaska akwai wani nau'in da mace ɗaya tak ke iya hayayyafa ba tare da namiji ba. Ga jihar da ke alfahari da noman shinkafa a fadama kamar Kebbi, halittar da ke huda kunya da magudana za ta taɓa manomi kamar yadda za ta taɓa masunci.

Irin waɗannan ba sa bukatar jirgin teku. Bokiti ɗaya a bayan mota, ko kududdufin kiwo da ambaliya ta cika ta haɗa shi da kogi, ya isa. Nijeriya ta taɓa ganin sakamakon kyakkyawar niyya irin wannan: a 1906 aka kawo wani nau'in kwakwar ruwa daga Asiya aka dasa a Kalaba domin hana zaizayar gaɓa, yau ya kori itatuwan gaɓar teku na asali a wurare da yawa na yankin Neja Delta, inda kifi ke yin ƙwai.

Doka da hukumomi

Nijeriya tana da dokar 1962 da ta hana shigo da kifi mai rai ba tare da izini ba, da dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta 1992, da kuma ƙa'idojin 2013 na hukumar kula da muhalli ta NESREA kan baƙin halittu masu mamaya. Hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa ce ke da alhakin duba abin da ke shigowa ta kan iyaka, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA mai hedikwata a Lokoja kuma ita ke da alhakin hanyoyin jirage. Game da ruwan cikin manyan jirage, yarjejeniyar duniya da aka amince da ita a 2004 ta fara aiki a ranar 8 ga Satumba, 2017, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka sa hannu.

Tun da kogin na ƙasashe da yawa ne, akwai Hukumar Raya Kwarin Kogin Neja, wadda aka kafa a 1980, mai hedikwata a Yamai da ƙasashe tara a cikinta, har da Nijeriya da Nijar da Benin. A tsakiyar shekarun 2000 kuma Bankin Raya Afirka ya ɗauki nauyin wani shirin yaƙi da ciyayin ruwa a ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma. Raunin irin waɗannan shirye-shirye shi ne suna da ranar ƙarewa, irin da ke kwance a laka kuwa yana iya jiran shekara 20.

Abin da ya rage ga mutanen kogi da na kasuwa

Masunci da ya ga tsiro ko dabbar da bai saba gani ba a ragarsa, abin da ya dace shi ne kada ya mayar da ita ruwa. Ya nuna wa Sarkin Ruwa, a sanar da jami'in kamun kifi na ƙaramar hukuma ko na jiha, domin a makonnin farko ne kawai ake da damar kashe wutar tun tana ƙarama. Mai ɗaukar jirgi ko raga daga wani ruwa zuwa wani ya wanke su ya shanya su bushe, domin ɗan guntun tsiro ko ƙwai kan maƙale a jiki. Kainuwar da aka kwashe a tara ta a kan tudu, nesa da inda cikar ruwa ke kaiwa.

Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke son zuba jari a kiwon kifi ya sayi iri daga wurin da aka sani, ya tsaya ga nau'o'in gida irin su tarwaɗa da karfasa, ya kuma guji haƙa kududdufi a inda ambaliya ke bi. Mai ƙawata gida da furen ruwa kada ya zubar da rarar a kwata ko rafi. Baƙuwar kainuwar da ke toshe mashaya a gaɓar Bagudo a yau, a matsayin furen ado ta fara barin ƙasarta.